Tsakanin Tashi da Warkewa: Sauran Aikin da Annoba Kan Bari a Ƙasar Bagudo da Bakin Iyakar Benin



Mai yiwuwa ne wani ya tambayi abin da ya haɗa nazarin harshe da sha'anin asibiti. Abin da ya haɗa su shi ne, tun kafin maras lafiya ya isa gaban likita, harshensa ya riga ya raɗa wa ciwon suna, ya nuna masa ƙofar da zai nufa da shi, ya kuma yanke masa ranar da zai ce ya warke. A kan wannan rana ta ƙarshe laccar yau za ta tsaya, watau ranar da ake cewa an warke, da aikin da ke saura a bayanta. Za a duba al'amarin ta fuskar annoba, a kuma auna shi da ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Nijeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin.

A fara da gaisuwa. Idan Bahaushe ya je dubiya ya ce, "Yaya jiki?" amsa ɗaya ce tak zai samu: "Da sauƙi." Ko ciwon ya tsananta cikin dare, ko mai shi ba ya iya ɗaga kai, ladabi da tawakkali ba su yarda a ce babu sauƙi ba. Ɗabi'a ce kyakkyawa, tana ƙarfafa zuciyar mai ciwo da ta masu jinyarsa. Sai dai bakin da ya saba da "da sauƙi" yakan yi nauyi wajen faɗin cewa zazzaɓi ya tafi amma ƙafa ba ta dawo ba, ko kuwa yaro ya tashi amma tun da ya tashi ba ya waiwayowa in an kira sunansa.

Hausa ba ta rasa kalmomin matakan ciwo ba. Mutum yakan kwanta a yi jinyarsa, in ya suma ya farfaɗo, in da sauran kwana ya tashi, daga nan ya murmure, a ƙarshe ya warke. Duk Bahaushe ya san bambancin waɗannan in an tsare shi da tambaya. A aikace kuwa biyu ake haɗewa, tashi da warkewa. Ranar da asibiti ya sallami mutum ranar ake yi wa iyalinsa barka da arziki, masu dubiya su ɗauke ƙafa, mai jinya ta naɗe tabarmarta ta koma harkokinta. Murmurewa an bar wa jiki, da romo, da fura da nono.

Abin lura shi ne kowane mataki yana da mai shi ban da wannan. Karaya ta maɗori ce, ƙaho da kaciya na wanzami ne, haihuwa ta ungozoma ce, rubutun sha na malam ne, saiwa da sassaƙe na boka. A ɗaya ƙarshen kuma, in al'amari ya riga ya lalace, al'umma ta tanadi wurin karɓa: ga Sarkin Guragu, ga Sarkin Makafi, ga Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa. Watau an shirya wa mai ciwo, an shirya wa wanda ya naƙasa, amma watannin da ke tsakani, waɗanda a cikinsu ake yanke ko yaro zai taka ko zai ja gindi har ƙarshen ransa, ba su da sarki, ba su da mai sana'a. Wuri ɗaya ne al'ada ta tsara murmurewa da ƙa'ida, shi ne jego, da wankansa na kwana arba'in da abincinsa da tsohuwar da ke tsaye a kansa. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun cikin shekarun 1970 cewa kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciyar masu jego, saboda haka ba duk abin da ke cikin jego ne abin koyi ba. Amma tsarin kansa shaida ne cewa Bahaushe ya san jikin da ya sha wuya yana bukatar mai tsaya masa har kwanaki ƙidayayyu.

Wannan gurbi shi likitocin zamani suka cike da wani reshe na aikinsu, wanda manufarsa ita ce mayar wa jiki da aikinsa bayan cuta ta wuce: a sake koya wa ƙafa taku, hannu riƙo, harshe magana, maƙogwaro haɗiya, ƙirji numfashi. Abin da ba zai dawo ba kuwa a nema masa madadi, ko sanda, ko takalmin ƙarfe, ko keke, ko na'urar ji. Yaƙe-yaƙen duniya biyu da annobar shan-inna a Turai da Amurka su suka raini wannan sana'a. Ta shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kanta a 1966, aka kuma kafa hukumar da ke yi wa masu ita rajista da dokar soja ta 1988. A Arewa, asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, shi ne tsohuwar cibiyarta. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a ƙarshen 2020 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4, watau ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da larurar da irin wannan aiki zai amfana.

Aikin yana da sharuɗɗa biyu da suka bambanta shi da sauran magani. Yana da lokaci, in ya wuce ya wuce. Kuma ba a yin sa sau ɗaya kamar allura, kullum ne, mako bayan mako, wata bayan wata. Duk matsalar Bagudo a cikin waɗannan sharuɗɗa biyu take, amma kafin a isa can ya kamata a ga yadda suke aiki a jiki, kuma babu cutar da ta fi shan-inna nuna haka.

Sunan kansa abin nazari ne. Inna ɗaya ce daga cikin iskokin bori, kuma cewa aka yi ita ta shanye ƙafar yaron. Ta fuskar siffa sunan ya dace, domin ƙafar takan motse ta sirance kamar an tsotse ta. Illarsa biyu ce: yana tura iyaye ƙofar masu girka, kuma yana yanke ƙauna, gama abin da aka shanye ba a sa ran dawowarsa. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Galibin yaran da ta kama ba sa nuna kome. Kimanin ɗaya cikin 200 ne takan kai ga lakarsa ta kashe ƙwayoyin da ke aika wa tsoka umurni. Waɗanda suka mutu ba sa dawowa, amma maƙwabtansu da suka tsira sukan ɗauki wani ɓangare na aikinsu, shi ya sa ƙarfi kan dawo, mafi yawansa cikin wata shida na farko, sauran a hankali har zuwa shekara biyu.

Ga inda hasarar take. Sau da yawa ba shanyewar ce ke hana yaro tsayuwa ba, ƙagewar gaɓoɓi ce. Yaron da aka bari kwance a naɗe, ko zaune a tabarma wata da watanni, tsokar da ke da ƙarfi takan rinjayi wadda ta mutu ta ja gaɓa gefe guda. Kwatangwalo ya lanƙwashe, gwiwa ta ƙi miƙewa, diddige ya ɗage sama. In aka shekara biyu ko uku a haka, ko an kawo takalmin ƙarfe ba zai shiga ba, sai an yi fiɗa a irin su Dala. Abin da zai hana wannan kuwa bai fi ƙarfin uwa ba: ta miƙar da kowace gaɓa a hankali safe da yamma, ta riƙa kwantar da yaron rub da ciki, a ɗaura masa ɗan katako mai laushin shimfiɗa da dare don ƙafa ta kwana a miƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan kuwa tun yana ɗanye ake hana shi tanƙwarewa. A nan ma harshe yana kawo cikas, domin kalma ɗaya, jijiya, ita ke ɗauke da hanyar jini, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Malamin asibitin da ya ce wa uwa "jijiya ce ta mutu" bai gaya mata wacce ba, bai kuma gaya mata cewa akwai wadda ke raye tana jiran a motsa ta ba.

Tarihin cutar sananne ne. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargi, ba a koma ba a Kano sai Yulin 2004, kafin nan ƙwayar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Benin. An ga na ƙarshe na asalin nau'in a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da shi. A shekarun da suka biyo baya an ci gaba da samun wani nau'i a Sakkwato da Kebbi da Zamfara, wanda ke samo asali daga raunananniyar ƙwayar rigakafi, kuma ba ya yaɗuwa sai inda yara da yawa ba su sami rigakafin ba. An kashe dukiya mai yawa wajen ɗiga magani a bakin yara, kuma ta cancanci a kashe. Amma yaran da cutar ta shanye a 2003 yau sun haura shekara ashirin, kuma ba a taɓa bin gida-gida ana neman su kamar yadda aka bi ana neman ƙannensu ba.

To, a koma Bagudo. Ƙaramar Hukuma ce a masarautar Gwandu, Kogin Kwara ya ratsa ta. Illo da Kaoje da Lolo da Tsamiya suna hayin kogin, ɓangaren Benin, kuma gadar Tuga ce babbar hanyar da ta haɗa su da hedkwata. Illo tsohon mashigin fataken goro ne masu zuwa Gwanja, tun kafin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar garin a hannun Ingilishi, ta bar 'yan'uwansa a ƙasar da aka sani da Dahomey har zuwa 1975. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da mutanen Bargu suna zaune a hayi biyu na wannan layi, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Mutumin Lolo ya fi kusa da Malanbil a kan Birnin Kebbi, mutumin Tsamiya kuwa Segbana ce maƙwabciyarsa. Manyan asibitocin da ke da sashen wannan aiki suna Birnin Kebbi da Sakkwato. A Benin makarantar horar da masu sana'ar tana Kwatano, fiye da kilomita 700 daga Malanbil. Watau mutumin bakin iyaka yana ƙarshen ƙasa biyu a lokaci guda. Zai iya sayar da buhun shinkafa ya yi tafiya ɗaya don fiɗa. Ba zai iya yin tafiyar sa'o'i sau biyu a mako har wata shida ba, balle da damina, ga gona ga ambaliya irin wadda ta cinye shinkafar Kebbi a 2020.

Annobar da ta fi kowace sanin wannan yanki ita ce sanƙarau, baƙon bazara da ke zuwa da zafi da ƙura. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2017 wani nau'insa ya kama fiye da 14,000, galibi a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ya kashe fiye da 1,100, kuma a farkon 2025 ya sake ɓulla a Gwandu da Aliero da Jega. Rahoton annoba layi biyu gare shi, waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Duk wanda bai shiga layi na biyu ba an lasafta shi cikin waɗanda suka warke. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga irin wannan sanƙarau sukan tashi da tabo: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin gaɓoɓi, ko nauyin fahimta. Ko da ɗaya cikin goma aka ɗauka, lissafin 1996 kaɗai ya doshi mutum dubu goma. Kurumta ce ta fi ɓoyuwa. Yaro ɗan shekara uku da ya daina ji, maganar da ya fara koya takan zube a hankali, sai bayan shekara a ce ya zama bebe, a ce sanƙarau ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, kunne ne ya tafi. Da an gwada jinsa kafin sallama, ko da tafi ne a bayansa inda babu na'ura, da iyaye sun san su riƙa fuskantarsa in za su yi magana, su riƙe masa kalmomin da ya riga ya mallaka, a nema masa na'ura ko makarantar kurame da wuri. Nijeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar, a 2024. Wannan ci gaba ne na layin farko. Layi na uku har yanzu ba a buɗe shi a rajista ba.

Sai kuma korona. Tsofaffi sun riƙe labarin marisuwa ta 1918, amma ba wanda ke raye da ya taɓa ganin an rufe duniya kamar 2020. An tabbatar da shigowar cutar Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, kuma waɗanda aka tabbatar sun kamu a Jihar Kebbi ba su kai dubu ba. Ɓarnarta a nan ta wata hanya ta biyo. Ta tarar da iyakokin ƙasa a rufe tun Agustan 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ta ƙara da hana zirga-zirga tsakanin jihohi, wadda ba a ɗage ba sai ranar 1 ga Yuli 2020. Iyakoki huɗu aka buɗe a Disamban shekarar, babu ta Kebbi a ciki, Kamba ma sai Afrilun 2022. A ɗauka wani magidanci ne a Tsamiya hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki a watan Afrilun 2020. Mafi yawan abin da zai dawo masa cikin wata uku zuwa shida na farko yake dawowa, kuma waɗannan su ne watannin da hanya ta toshe gaba da baya. Ba shi cikin lissafin korona, amma korona ce ta ci masa hannu. Ba Nijeriya kaɗai ba ce: binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 155 a Mayun 2020 ya nuna wannan aiki ya sami tsaiko a kashi 63 cikin ɗari nasu, domin shi aka fara ɗauka a matsayin wanda zai iya jira. Ita kanta cutar ta bar nata tabon, gajiya da haki da mantuwa da kan wuce wata uku, har hukumar ta ba larurar ma'ana a hukumance a Oktoban 2021. Darasi guda da aka koya a nan ya saɓa wa abin da aka saba: wasu daga cikin waɗannan mutane in aka matsa musu da motsa jiki ciwon ƙaruwa yake yi, sai dai a auna musu aiki daidai ƙarfinsu.

Wannan ya kawo magana kan sunan da Hausa ta ba sana'ar, watau gashin ƙashi. Duk wanda ya raɗa shi fitilar zafi ya gani a asibitin ƙashi, ya kwatanta ta da tsumma da ruwan zafi na gida. Sunan ya kama baki, amma ya yi ɓarna iri biyu. Na farko, ya sa mai haki da mai shanyewar ɓarin jiki da yaron da ya kasa haɗiya suna ganin ba wurinsu ba ne, tun da ƙashinsu bai karye ba. Na biyu ya fi muni: ya sa iyali suna ganin zafi ne maganin, sai su dafa ruwa su gasa ƙafar da ba ta ji, mai ita bai san tana ƙonewa ba sai fata ta saɓule. Zafi ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. Jigonsa motsi ne da maimaitawa. 'Yan birni sun fara cewa fisiyo, wanda ba ya ɓatar da kowa amma kuma ba ya gaya wa tsohuwar Kaoje kome. "Gyaran gaɓoɓi" ya bar numfashi da magana a waje. "Horon jiki" ya fi kusa, domin yana ɗauke da ma'anar koyarwa da naci, ko da yake wani zai ji shi kamar hukunci. Wannan aiki ne na sassan Hausa na jami'o'i tare da masu sana'ar, kuma a kasuwa ya kamata a gwada kalmar, ba a ɗakin taro ba.

Maganar kai aikin kusa da gida ba sabuwa ba ce. Wani likitan ƙashi, Ronald Huckstep, da ya yi aiki a Kamfala ta Uganda, ya buga littafi a 1975 yana nuna yadda za a ƙera takalmin shan-inna da sandar ƙarfe da katako da fata, da kuɗi ƙalilan. Bayan taron Alma-Ata na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin koya wa iyali da ma'aikacin ƙauye su yi mafi yawan aikin, ƙwararre ya riƙa zagayowa yana dubawa. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta shekara da shekaru tana ƙera kekunan guragu da hannunta. Babu kasuwar ƙasar Bagudo da ta rasa maƙeri da kafinta da baduku da mai walda. Gora biyu da aka kafa a tsakar gida sun isa mai koyon tafiya ya dafa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi maganar matakala da aikin yi, kuma ta kyauta, amma ita ma wanda ya riga ya naƙasa take kallo.

Ma'aikatan hukuma da ke wannan zaure suna da ikon abubuwan da ba sa bukatar sabon gini. Takardar sallama ta sami layin da ke tambayar ko mai ita yana ji, yana haɗiya, yana tsayuwa, yana riƙe cokali. Malamin asibitin ƙauye, wanda aka riga aka horar ya kai rahoton duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya don a ɗauki bayan gidansa a auna, a ƙara masa mako guda na koyon abin da zai nuna wa uwar yaron bayan an tafi da kwalbar. Mai ciwon da ke jinya a Segbana yana kwana a Tsamiya ya riƙe kati ɗaya da ma'aikacin kowane hayi zai iya karantawa, tun da ɗaya da Faransanci aka horar da shi, ɗaya da Ingilishi, amma dukansu da Hausa ko Dandanci suke magana da shi. Ƙaramin littafin da zai raka katin a rubuta shi da boko da ajami, da zane mai yawa, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Dandanci. Shafinsa na farko na mai jinya ne: ta juya wanda ba ya iya juyawa duk bayan sa'a biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, ta zaunar da shi sosai kafin ta ba shi kunu don kada ya shaƙe, kada ta ɗaga shi ta hannun da ya shanye domin kafaɗar gocewa take yi, kuma ta fara tsoma nata gwiwar hannu cikin ruwan kafin ya taɓa jikinsa.